Boss RV-6: fedar amo ga mai neman sautin tsofaffin finafinai a jitarsa

A ɗakunan gwajin kiɗa na Nima da Madina a Akra, idan saurayi mai kaɗa jita yana son ya bayyana maka sautin da yake nema, sau da yawa waya yake cirowa ya nuna maka wani yanki na fim. Mutum ne shi kaɗai da jar hula yana tafe cikin hamada, jita na kuka a bayansa, a taɓa tsirkiya ɗaya, a bari sautin ya yi ta tafiya har ya ɓace kafin a taɓa ta biyu. Farkon fim ɗin Paris, Texas ke nan na Wim Wenders, na 1984, kuma Ry Cooder ne ya kaɗa jitar, ya ɗora ta a kan wata tsohuwar waƙar Blind Willie Johnson ta 1927. Sai yaron ya ce maka, "Yaya, wannan nake so." Abin da kunnensa ya kama shi ne filin da ke kewaye da sautin, wato amon da ke biyo baya, wanda makaɗa ke kira reverb. Fedar Boss RV-6, ɗan akwatin da ake haɗawa tsakanin jita da amfilifaya a taka shi da ƙafa, na cikin na'urorin da aka fi samu a kasuwarmu don wannan aiki, kuma hukuncina a kanta shi ne: tana ba da wannan fili da kyau sosai ta hanyoyi uku, tana yin matsakaicin aiki a wasu uku, akwai kuma abubuwa biyu da mai son wannan salon zai nema ya rasa.

Dangantakar kiɗan indie rok, wato rok na ƙungiyoyin da ba sa ƙarƙashin manyan kamfanoni, da irin finafinan nan da ba su cika yin kasuwa ba amma suka samu masoya 'yan ga-ni-kashe-ni tsohuwa ce. Ƙungiyoyi biyu na Sikotilan, Texas da Travis, daga wannan fim ɗin na Wenders suka samo sunayensu. 'Yan ƙungiyar Pixies sun riƙa rera waƙar da ke cikin Eraserhead na David Lynch, na 1977, kuma waƙarsu Debaser ta 1989 a kan wani gajeren fim na Luis Buñuel da Salvador Dalí na 1929 aka gina ta. Neil Young ya tsaya gaban allo yana kallon Dead Man na Jim Jarmusch, na 1995, yana kaɗa jitarsa ta lantarki kai tsaye, abin da ya fito shi ya zama kiɗan fim ɗin. A ganina darasin da makaɗan indie suka fi ɗauka daga sinima shi ne haƙuri. Kiɗan fim dole ya bar wa hoto wuri, saboda haka mai jita yakan koyi taɓa sauti uku inda da zai taɓa talatin.

Mu ma a Zango kunnenmu ba baƙo ba ne ga wannan. Dattawan da suka yi zamanin sinimar Dunia a Nima da Orion a Circle sun sha jin jitar finafinan kaboyi na Italiya, irin wadda Ennio Morricone ya sa a The Good, the Bad and the Ugly a 1966, sun kuma sha jin muryoyin waƙoƙin Indiya da aka jiƙa da amo har suna ɗiga. Kusa da gida kuma ga Mdou Moctar na Nijar, wanda ya fito a fim ɗin 2015 da aka ɗauka a Agadas bisa tsarin Purple Rain na Prince, daga baya kamfanin Matador, gidan ƙungiyoyin indie Pavement da Yo La Tengo, ya fitar masa da kundin Afrique Victime a 2021. Duk wanda ya ce rok kayan Turawa ne zalla bai saurari Agadas ba.

Ita fedar, a 2015 ta fito, ta gaji RV-5 ta 2002. Akwatin ƙarfe ne irin wanda Boss ke yi tun 1977, faɗi milimita 73, tsawo 129, tsayi 59, nauyinta bai kai rabin kilo ba. Za ta shiga aljihun jakar jita, kuma matsin trotro daga Madina zuwa Circle ba zai yi mata komai ba. Mamurɗai huɗu ne a fuskarta. E.Level shi ke ƙayyade yawan amon da za a gauraya da sautin jita. Tone na sa amon ya yi haske ko duhu. Time tsawon jelar amon ne. Na huɗun shi ke zaɓen salo cikin takwas: Room, Hall, Plate, Spring, Modulate, +Delay, Shimmer da Dynamic. Ramukan shiga biyu ne, na fita biyu, A da B, ga kuma ramin fedar ƙafa irin Roland EV-5 wadda ke ƙara amon ko rage shi kana cikin kiɗa. Asalin sautin jitar ba ya bi ta cikin kwamfutar fedar, gefe yake bi a haɗe shi da amon a ƙarshe, shi ya sa taɓin yatsa ba ya mutuwa.

Plate shi ne dalilin sayen wannan feda. Yana kwaikwayon na'urar EMT 140 ta Jamus ta 1957, wani faffaɗan farantin ƙarfe mai tsawon kusan mita biyu da ake girgiza shi da sauti a ɗakunan ɗaukar waƙa. Amon faranti yana tashi nan take, a cike, ba ya nuna maka bango ko kusurwa, don haka kunne ba ya cewa "ɗaki ne" ko "zaure ne", fili kawai yake ji. Don samun sautin hamadar nan, ka sa E.Level a wajen ƙarfe 11 idan ka ɗauki mamurɗin kamar fuskar agogo, Tone a ƙarfe 10, Time a ƙarfe 1. Ka zaɓi fikof na wuya, wato maganaɗisun ɗaukar sauti da ke kusa da wuyan jitar, ka sauke tsirkiya ta shida daga E zuwa D, ka sa wuyan kwalba ko guntun bututun ƙarfe a ƙaramin yatsa, ka ja shi a hankali daga fret na uku zuwa na biyar, wato layukan ƙarfen da ke gitta wuyan jitar. Yatsun da ke bayan kwalbar su kwanta a kan tsirkiyoyi, in ba haka ba ƙarar gogar ƙarfe za ta shiga amon ta yi ta yawo daƙiƙa uku. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaga Tone sama da ƙarfe 12. Da zarar an yi haka sai jelar amon ta fara kama da ƙarar mai a kasko, ta rufe sautin da ke biye.

Modulate shi ne na biyu, kuma ga mai kiɗan indie mai taushi watakila ma shi ne na farko. Amon zaure ne da aka sa masa 'yar lilo, sautin na ɗan hawa da sauka kaɗan-kaɗan kamar tsohon kaset da ya sha rana. A kan kod, wato haɗin sautuka da yawa, da aka bari a buɗe, ana taɓa tsirkiyoyi ɗaya bayan ɗaya, yana ba da wannan yanayi na mafarki mai ɗan ban tsoro da ake dangantawa da ayyukan Lynch da mai tsara masa kiɗa Angelo Badalamenti. E.Level a ƙarfe 12, Tone a ƙarfe 11, Time a ƙarfe 2. Sharaɗinsa ɗaya: jita ta kasance a saite daidai. Lilon yana ninka duk wata karkata, tsirkiyar G da ta ɗan sauka za ta sa kod ɗin gaba ɗaya ya yi tsami. Ba a ba ka ikon rage zurfin lilon ko saurinsa ba, yadda kamfani ya saita haka za ka karɓa, amma sun saita shi da hankali.

Hall yana da kyau shi ma, musamman a bayan fedar da ke ƙazanta sauti. Mai neman kukan jitar Dead Man ya sa irin wannan feda, wato overdrive, a gaba, ya ɗaga ta har sauti ya fara tsagewa, Hall a baya da Time a ƙarfe 1, ya bugi tsirkiyoyin ƙasa da ƙarfi ya sake su. Room kuwa ɗan ƙaramin ɗaki ne, aikinsa ya cire bushewar sauti ba tare da an lura da shi ba. Dynamic yana janye amon idan ka buga da ƙarfi ya dawo da shi idan ka sassauta, dabara ce mai amfani ga wanda shi kaɗai ne mai jita a ƙungiya. +Delay yana haɗa amo da amsa-kuwwa, sai dai babu hanyar buga lokacin da ƙafa don ya dace da ganga, saboda haka a kan dandamali ba ya maye gurbin fedar amsa-kuwwa ta gaske.

Sai Spring, inda na fi jin takaici. Sautin jitar kaboyi da na waƙar Misirlou ta Dick Dale ta 1962, wadda fim ɗin Pulp Fiction ya dawo da ita kunnen duniya a 1994, sautin sifirin ne na gaske, wayoyin ƙarfe a naɗe a cikin akwati ana kaɗa su da lantarki, kamar na'urar da Fender ya fitar a 1961. Alamarsa ita ce wani ɗan "ɗis" mai kama da ɗigon ruwa a randa da ke biyo bayan kowane bugu. Ga yadda za ka gwada: ka danne tsirkiya ta shida da gefen tafin hannun dama kusa da gada, ka buga ta sau ɗaya da ƙarfi, ka saurara. A sifirin na gaske ɗigon yana fitowa a jiƙe, yana canzawa gwargwadon ƙarfin hannunka. A RV-6 yana nan, amma siriri ne, kuma kusan iri ɗaya yake fitowa kowane bugu. Idan ka kai Tone ƙarfe 2 da E.Level ƙarfe 1 zai matso kusa, a cikin ƙungiya da ganga da bes ba mai ganewa. Kai kaɗai a gaban makirufo kuwa za a gane.

Shimmer yana ɗora wa amon wani sauti mai tsayin ninki ɗaya a sama, salon da aka san masu tsara kiɗa Brian Eno da Daniel Lanois da shi tun shekarun 1980. Shi ne ke sayar da fedar a shago, don duk wanda ya ji shi karon farko sai ya yi murmushi. Bayan mako biyu yakan gundura, domin kowace waƙa yana mayar da ita waƙa ɗaya. In za a yi amfani da shi, a rufe Tone zuwa ƙarfe 9 a bar shi can ƙasa kamar ƙamshin turare a ɗakin da aka riga aka share.

Abubuwa biyun da babu su ne amon da ke tafiya da baya, da kuma tiremolo. Na farkon shi ne ginshiƙin sautin ƙungiyar My Bloody Valentine a kundin Loveless na 1991, wanda mutane da yawa suka fara ji ta fim ɗin Lost in Translation na 2003. RV-6 ba ta da shi sam. Akwai dabarar da ke kai mutum rabin hanya: ka juya tsarin, ka sa RV-6 a gaban fedar fuzz, mai ƙazanta sauti fiye da overdrive, maimakon bayanta, Hall ko Modulate, E.Level a ƙarfe 2. Fuzz ɗin zai murƙushe jita da amonta wuri guda su zama bango ɗaya na ƙara. Yana da daɗi, amma wani abu ne daban. Wanda wannan sautin ne ya kawo shi kasuwa gara ya nemi Oceans 11 ta Electro-Harmonix, wadda ke da amon baya da tiremolo duka, sifirin ɗinta ma ya fi na Boss ɗiga. Tiremolo kuwa, wato sautin da ke ƙaruwa yana raguwa kamar ana wasa da mamurɗin rediyo, rabin sautin kaboyi ne, sai ka ƙara feda irin TR-2. A nan akwai abin lura: a tsofaffin amfilifayoyin Fender tiremolo bayan amo yake zuwa, saboda haka jelar amon ma tana makyarkyata. In kana son wannan tsohon sauti, jita ta shiga RV-6, RV-6 ta shiga TR-2, sannan amfilifaya. In ka juya su za ka samu sauti mai santsi, na zamani.

Babu kuma wurin ajiye saiti. Waƙa ta farko Plate, ta biyu Modulate, dole ka durƙusa tsakaninsu ka murɗa. Ka manna farin tef a gefen mamurɗan ka yi alama da biro. Wani abin da ba kowa ya sani ba: idan ka sa jita a ramin shiga na B kaɗai, amon zalla ne zai fito babu asalin sautin, abin da ke da amfani ƙwarai wajen ɗaukar kiɗan fim ko haɗa fedar da mikisa. Haka kuma mutum kan yi kuskuren sa waya a B ya zaci fedar ta lalace.

Yanzu ga inda fedoji ke mutuwa a Akra, wato wuta. RV-6 na cin volt 9 na DC, kuma tsakiyar bakin adaftar dole ya zama negatif. Yawancin adaftocin da ke zube a kasuwa, na dikoda da na'urar intanet, tsakiyarsu fozitif ne, da yawansu kuma volt 12 ne, alhali bakinsu yana shiga ramin fedar daidai. In an yi sa'a fedar ta ƙi kunnuwa, in ba a yi ba wani abu ya ƙone a ciki. Mafi muni ita ce adaftar da aka rubuta 9V AC a jikinta. Kafin ka sa kowace adafta, ka duba zanen da ke bayanta, alamar ragewa ta nuna ɗigon tsakiya. Sannan ka karɓi mita a wurin mai gyaran rediyo, baƙin tsinke a cikin ramin bakin, ja a jikinsa na waje. Ya kamata ka ga 9 ko ɗan sama da haka kaɗan, babu alamar ragewa a gaba. In ka ga 13 ko 14, tsohuwar adafta ce marar daidaita wuta, kada ka yi amfani da ita. Ka nemi mai ba da aƙalla mA 200. Idan kuma ɗan'uwa ne ya aiko maka da kayan daga Amurka, ka karanta abin da adaftar ke karɓa, domin wutarmu volt 230 ce, tasu 120. In ba a rubuta 100 zuwa 240 ba, kada ta kusanci soket.

Batir yana shiga ƙarƙashin matakin, a kwance dunƙulen sukurun da ke gaba. Amma feda ce mai kwamfuta a ciki, tana shan wuta, batir alkalin mai kyau 'yan sa'o'i kawai zai yi, na arha kuwa ba zai kai ƙarshen gwaji ba. A riƙe shi don ranar dumsor, wato ɗaukewar wuta, a kuma zare wayoyi daga fedar in an gama, in ba haka ba zai ci gaba da zuƙewa cikin jaka. Idan aka ɗauke wuta a kashe soket kafin ta dawo, kuma in janareto ake amfani da shi a bari ya daidaita kafin a kunna kaya. Haɗa RV-6 da fedoji huɗu a kan adafta ɗaya mai rassa yakan kawo wani siririn fito a lasifika, musamman in akwai overdrive a layin. Maganinsa a ba ta tata adaftar ita kaɗai.

Akwai kuma gurnanin da ba laifin fedar ba ne amma ita ake zagi. Gidajen haya da yawa soket ɗinsu ba shi da wayar ƙasa, jita mai fikof siriri irin na Stratocaster kuma tana kwasar gurnanin wuta. Amo mai tsawo yana ɗaukar wannan gurnani ya shimfiɗa shi. Ka gwada matsayi na biyu ko na huɗu a makunnin fikof, ka nisanci fanka da cajar waya, ka juya jikinka a hankali har ka sami kusurwar da ƙarar ta ragu. In amfilifayarka ce ke ƙazanta sauti da kanta, fedar ta shiga ramukan Send da Return na bayanta. Ƙananan amfilifayoyin gwaji galibi ba su da su, to sai a bar amfilifaya a tsabtace, ƙazantar ta fito daga feda a gaban RV-6.

Ɗakin ma yana da nasa amon. Bangon bulo da siminti, daɓen tayil, rufin kwano: irin ɗakunanmu ke nan, kuma kowannensu yana mayar da sauti. Saitin da ya yi daɗi a bidiyon wani Bature mai kafet da labule zai zama kunu a nan. Ka rage E.Level da kamar awa ɗaya daga duk abin da na faɗa a sama in ɗakin babu kaya, ka shimfiɗa darduma ko tabarma biyu, ka ɗora amfilifaya a kan kujera, ka jingina katifa a bangon da ke fuskantarta. Maƙwabta ma za su gode, don fedar ba ta da ramin abin sawa a kunne, sai ta amfilifaya.

Yawancin masu jita a nan ba indie kaɗai suke ci da shi ba, ranar Asabar akwai biki, akwai hailaif. Jitar hailaif irin ta Ebo Taylor saƙa ce, sautuka gajeru masu sauri suna shiga tsakanin juna, amo mai tsawo kuma yana cike ramukan da saƙar ke numfashi ta cikinsu. A nan Room ne, Time a ƙarfe 9, E.Level a ƙarfe 9, ko a kashe fedar gaba ɗaya. In ka taka ta ka kashe, jelar amon da ta riga ta fita tana ƙarasa tafiyarta, ba ta yankewa kwatsam, saboda haka ana iya fita daga gabatarwa mai faɗi a faɗa cikin kiɗan rawa ba tare da an ji gibi ba.

Wajen saye, sabuwa da ta hannu duka suna shigowa shagunan kayan kiɗa na Zongo Lane da wajen masu sayarwa ta intanet, kuma tun da farashin yana bin dala, ka tambayi wuri uku kafin ka ciro sidi. Ta hannu ba abin tsoro ba ce, akwatunan Boss suna da rai, amma kada ka biya sai ka gwada da jitarka da wayarka. Ka bi salo takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka buga sauti guda ka saurari jelar har ta mutu, kana neman ƙaiƙayi ko yankewa. Ka murɗa kowane mamurɗi daga farko zuwa ƙarshe, ƙarar yashi alamar ƙura ce a ciki. Ka girgiza kan waya a kowane rami huɗun, har da na B da mai shago zai ce ba a amfani da su. Ka taka matakin sau ashirin, jar fitilar ta kama ta mutu kowane karo. Sannan ka buɗe gidan batir ka duba, farin gari ko kore a kan maɓallan yana nufin batir ya taɓa fashewa a ciki, kuma ruwansa yakan bi jar waya da baƙa ya gangara har allon.

Iskar teku tana sa ramukan tsatsa, musamman ga na kusa da Jamestown da Chorkor, hunturu kuma daga Disamba zuwa Fabrairu yana cusa ƙura a mamurɗai. Feshin wanke mahaɗin lantarki kaɗan a kan bakin waya, a sa a zare sau biyar a kowane rami, sau ɗaya a wata uku, ya isa. Kada a fesa man da ake sa wa kwaɗo ko sarƙar babur, yana kama ƙura ya daskare. A ajiye fedar cikin leda mai zif tare da ƙunshin garin shan danshi irin wanda ke zuwa cikin kwalin takalmi, a cire batir in za ta kwana fiye da mako ba a taɓa ta ba.